Darasi na Tara: Baƙuwar Kyanwa a Gida, Tarbarta da Kula da Lafiyarta

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so mai karatu ya iya:

1. faɗin amfanin kyanwa ga rumbu da lafiyar iyali;
2. shirya wa sabuwar kyanwa masauki har ta saba da gida;
3. bambanta abincin da zai gina ta da abin da zai kashe ta;
4. sanin lokutan rigakafi, da abin yi idan ta ciji mutum.

Karatu: Gwaggo ta yi baƙuwa

Bayan kaka, da aka gama kai amfani gida a Karofi, wata dattijuwa ta shiga ɗakin ajiyarta da safe. Ta tarar an huda buhun wake ta ƙasa, ga kashin ɓera birjik a kan dammunan gero. Ba ta yi wata-wata ba, ta aiki jikanta zuwa Kurfi, gidan ƙanwarta, inda kyanwa ta haihu. Yaro ya dawo da yamma riƙe da buhu, an ɗaure bakinsa da igiya. Ana kwancewa, 'yar kyanwa ta yi wuf ta shige ƙarƙashin gado.

Bayan kwana biyu sai ɗan ƙaninta, wanda yake aikin malamin dabbobi, ya biyo gaisuwa.

"Gwaggo, barka da hutawa. Kamar kukan mage nake ji a ɗaki."

"Kai dai bari, ɗan nan. Don ɓera na sa aka ɗauko ta, ga shi ta zame mini kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi. Tun shekaranjiya take ƙarƙashin gado."

"Me aka ba ta ta ci?"

"Ci? Ai in ta ƙoshi ba za ta kama ɓera ba, haka muka taso muka gani. Na dai zuba mata madara a murfin kwano, sai kuma ga zawo. Yanzu nake cewa a jiƙa mata rabin farasitamol."

"Subhanallahi! Gwaggo, don Allah kada a ba ta. Ƙwayar da ke sauke miki zazzaɓi, a jikinta guba ce. Rabin nan ya isa ya kashe ta."

Gwaggo ta riƙe baki. "To, yau na ji sabon karatu. Jawo tabarma ka yi mini dalla-dalla."

Gwaggo ba muguwa ba ce, kuma ba ta yi nufin cutarwa ba. Amma a cikin kwana biyu ta yi kuskure uku, ta kusa yin na huɗu: buhu, yunwa, madara, da maganin mutane. Galibin gidajenmu haka suke yi. Muna ɗauko kyanwa don ta yi mana aiki, mu manta cewa mai aiki yana da haƙƙi a kan wanda ya ɗauke shi.

Me ya kawo kyanwa gidan mutum?

Hatsi ne ya haɗa mutum da kyanwa. Da mutane suka fara noma suna tara amfani, ɓera ya biyo hatsi, kyanwar daji ta biyo ɓera. Masana sun nuna cewa kyanwar gida ta samo asali ne daga kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya. A tsibirin Saifurus an tono wani kabari mai shekara kimanin 9,500, aka sami mutum da kyanwa an binne su kusa da juna. Mutanen Masar ta dā kuwa har girmama ta suka riƙa yi saboda tsaron rumbunansu. Ke nan aikin da Gwaggo ta ɗauko 'yar kyanwa ta yi mata, tsohon aiki ne da ta gada kaka da kakanni.

Ɓarnar ɓera ba ta tsaya kan gero da wake da gyaɗa ba. Akwai wani ɓera mai nonuwa da yawa wanda ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke cikin jihar Borno ta yau. Fitsarinsa da kashinsa ne ke gurɓata abinci, mutum ya ci ya kamu, kuma cutar ta fi tashi da rani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ajiye kyanwa cikin hanyoyin rage ɓera a gida, tare da rufe abinci, da tsabtace gida, da kai shara nesa. A lura da kyau: kyanwa taimako ce. Wanda ya bar tuwo a buɗe ya kwanta, ko da maguna goma gare shi, bai tsira ba.

Addini ma bai bar ta a baya ba. Sahabin nan Abu Huraira ya sami laƙabinsa ne daga 'yar kyanwar da yake ɗauka. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin da ya nuna kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai da kawo a tsakanin mutanen gida. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba, har ta mutu. Duk wanda ya shigo da kyanwa gidansa ya ɗauki amana. Camfin da wasu ke yi cewa baƙar kyanwa ta mayu ce ko ta aljanu, har yara su bi ta da jifa, ba shi da tushe. Launin gashi ne kawai, kamar yadda ake samun baƙar akuya da ja.

Wadda za a ɗauko, da yadda za a ɗauko ta

Kada a raba 'yar kyanwa da uwarta kafin ta cika mako 8. 'Ya'yan kyanwa suna buɗe ido tsakanin kwana 7 zuwa 10 da haihuwa, su fara lasar abinci a wajen mako 4, amma sauran makonnin suna shan nono suna kuma koyon tsabta da farauta a wurin uwa. Wadda aka raba da wuri takan zama mai yawan ciwo da yawan tsoro.

Idan ka je zaɓe, kada kyan launi ya ɗauke maka hankali. Duba waɗannan:

- Ido: garau, ba kwantsa, ba hawaye.
- Hanci: ba majina, ba atishawa.
- Kunne: ba baƙin datti kamar garin gawayi a ciki.
- Gashi: sumul, ba wurin da ya zube ya bar tabo.
- Ciki: ba ƙato ba alhali haƙarƙari a waje, domin wannan alamar tsutsa ce.
- Ƙarƙashin wutsiya: a bushe, ba alamar zawo.
- Hali: mai wasa da kuzari, ba wadda ta takure a lungu ba.

Wajen ɗauko ta, a nemi kwali mai ƙarfi a huda masa ƙofofin iska, ko kwando mai murfi. A shimfiɗa tsumma a ciki, zai fi kyau ma a karɓo tsumman da take kwana a kai tare da uwarta, saboda ƙanshin da ta sani yana kwantar mata da hankali. Buhun leda yana riƙe zafi yana toshe numfashi, kuma tafiyar babur daga Kurfi ko Dutsin-Ma a cikinsa da tsakar rana tana iya halaka ta. A yi tafiyar da safe ko da yamma. Kafin a taso a tambayi masu ita ranar da aka haife ta da abin da ta saba ci.

Makon farko

Kyanwa dabba ce mai riƙe wuri. Sabon gida a wurinta daji ne: baƙon wari, baƙuwar murya, ga luguden turmi, ga ihun yara. Ɓuyan da ta yi ƙarƙashin gadon Gwaggo ba lalaci ba ne, tsoro ne, kuma lokaci ne maganinsa.

A ware mata ɗaki ɗaya mai ƙofa, ta zauna ciki. A ajiye mata abu huɗu: kwali da tsumma don kwanciya, kwanon abinci, kwanon ruwa, da wata tsohuwar tasa mai faɗi cike da busasshen yashi don ba-haya. A nisanta tasar yashi da kwanon abinci, don kyanwa ba ta son cin abinci kusa da ƙazantarta. Bayan ta ci abinci a ɗauke ta a hankali a ɗora ta kan yashin. Sau biyu ko uku ya isa ta gane, domin binne kashi halinta ne. Idan ta yi kuskure a wani wuri, a wanke wurin da sabulu, kada a doke ta. Duka ba ya koya mata komai sai gudun mutum.

Kada a jawo ta daga maɓoya. Mutum ɗaya ya riƙa shiga yana zama a ƙasa, yana yi mata magana a hankali, ya miƙa hannu ta shinshina. Ita za ta zo da kanta. A koya wa yara ɗaukarta da hannu biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a ƙarƙashin ƙafafun baya. Ba a jan wutsiya, ba a ɗaga ta da ƙafa, ba a tashinta daga barci. Kyanwa takan yi barcin awa 12 zuwa 16 a rana, kuma wannan lafiya ce.

Bayan mako guda a fara buɗe mata ƙofa ta zaga tsakar gida ana kallonta. Babbar kyanwa da aka sauya wa gida tana bukatar mako 2 zuwa 3 a tsare, in ba haka ba za ta kama hanyar tsohon gidanta. Kafin ta fara fita a rufe bakin rijiya da randa. Masu kaji su kifa wa 'yan tsaki kwando ko su sa su a akurki, masu tantabaru su gyara ƙofar ɗakinsu. Hausawa ba su haɗa muzuru da shaho a karin magana don banza ba. Sai dai kyanwar da ta taso tana ganin kaji tun tana ƙarama, kuma cikinta a cike, ba kasafai take taɓa su ba.

Abinci: maganar yunwa da ɓera

Nan ne babban kuskurenmu yake. Ana cewa in kyanwa ta ƙoshi ba za ta yi farauta ba. Ba haka abin yake ba. Farauta a jininta take, motsi ne ke tayar mata da ita, ba yunwa ba. Shi ya sa za ka ga ƙosasshiyar kyanwa ta kashe ɓera ta ajiye shi a bakin ƙofa ba ta ci ba. Kwanciyar nan da ake yi wa kirari da mai ɗaukar rai tana bukatar haƙuri da ƙarfin tsalle, mayunwaciya kuwa ba ta da ko ɗaya. Abin da yunwa ke koya mata shi ne buɗe tukunya, da ɗauke 'yan tsaki, da ƙaura zuwa gidan maƙwabta. Sai a ce ɓarauniya ce, alhali masu gida ne suka fara cin haƙƙinta.

Kyanwa maciyiyar nama ce, ba kamar kare ba da zai iya rayuwa da tuwo. Jikinta yana bukatar wani sinadari mai suna taurin, wanda ake samu a nama da kifi, babu shi a gero ko dawa ko masara. Rashinsa yana kawo makanta da ciwon zuciya sannu a hankali. Wannan ba yana nufin sai mai kuɗi zai riƙe kyanwa ba. Abin da ake zubarwa ma ya isa:

- kayan cikin kaza, da zuciya, da ƙundu, a dafa;
- guntattakin nama da ake samu wurin mahauta ranar kasuwa;
- kan kifi da ƙananan kifaye irin waɗanda masunta ke kamawa a madatsar ruwa ta Zobe, a dafa a cire ƙaya;
- dafaffen ƙwai;
- hanta, amma kaɗan, kamar sau ɗaya a mako, don yawanta yana cutarwa.

Ana iya cuɗa ɗan tuwo ko shinkafa a ciki don ya auku, amma nama ko kifi ya zama shi ne mai yawa. A cire nata kafin a zuba kayan miya, domin albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini, gishiri da yaji kuma ba nata ba ne. Kada a ba ta dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya soke ta a maƙogwaro ko a hanji.

Madarar shanu da ta gwangwani fa? Yawancin maguna, da zarar an yaye su, cikinsu ba ya iya narkar da sukarin da ke cikin madara, sai ta zame musu zawo, kamar yadda ya faru a gidan Gwaggo. Zawo kuwa yana saurin kayar da 'yar kyanwa. Cokali ɗaya na kindirmo jefi-jefi ya fi madara sauƙi a cikinta. Abin shanta na gaskiya shi ne ruwa mai tsabta, a sauya shi kullum. Kyanwa tana bukatar kimanin mililita 50 na ruwa a kan kowane kilo na nauyinta a rana, wato mai kilo 4 tana neman mililita 200, har da wanda ke cikin abinci. Ƙarama tana cin abinci sau 4 a rana, kaɗan-kaɗan. Daga wata 6 zuwa sama sau 2 ya isa.

Gubar da ke cikin gida

Sau da yawa abin da ke kashe kyanwa a ƙauye ba daga daji yake zuwa ba, a kan taga ko ƙarƙashin gado yake.

Na farko maganin mutane, musamman farasitamol. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi. Bayan 'yan awoyi dasashinta zai sauya launi ya yi duhu, fuska da ƙafafu su kumbura, numfashi ya gagara. Sauran magungunan ciwon jiki ma haɗari ne. Doka ɗaya ce: ba a ba kyanwa maganin mutum sai da izinin likitan dabbobi.

Na biyu maganin ɓera. Wanda ya ajiye kyanwa ya daina sa guba, domin ɓeran da ya ci guba yakan fito yana tangaɗi, shi ne kuma mafi sauƙin kamu. Ta ci shi, guba ta koma cikinta. A yi amfani da tarko, a kuma sanar da maƙwabta.

Na uku fiya-fiya da sauran magungunan feshi, da na gona, da ƙwayar da ake sa wa wake a buhu don ƙwari. In za a yi feshi a fitar da kyanwa da kwanukanta, kada ta koma sai ɗaki ya sha iska.

Na huɗu maganin kaska na shanu da na karnuka, musamman mai sinadarin fametirin. Ɗigo kaɗan a fatarta yana sa ta karkarwa da farfaɗiya. Haka kananzir da baƙin mai da wasu ke shafa wa dabba don ƙazuwa, da ruwan wanke ɗaki mai ƙarfin wari wanda ke yin fari idan an zuba shi a ruwa. A tuna cewa kyanwa da harshe take wanka, duk abin da ya taɓa gashinta ya shiga cikinta.

Yanayi ma yana da nasa tarkon. Da hunturu kyanwa tana neman ɗumi, takan shige cikin tokar murhu ta kwanta, saboda haka a leƙa kafin a hura wuta da asuba. Da bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40, kada a kulle ta a ɗakin kwano ba iska ba ruwa.

Rigakafi ya fi magani

A cikin makon farko ko na biyu a kai ta wurin malamin dabbobi ko asibitin dabbobi mafi kusa, a duba ta. Ga jadawalin da aka saba bi, likita zai daidaita shi da halin da take ciki:

- Mako 8 zuwa 9: allurar farko ta rigakafin murar maguna da cutar amai da zawo mai kashe ƙanana.
- Bayan mako 3 zuwa 4: allura ta biyu.
- Wata 3: allurar rigakafin ciwon haukan kare, sannan a riƙa sabunta ta yadda likita ya tsara.
- Maganin tsutsar ciki: kowane mako 2 har ta kai wata 3, sai kowane wata har wata 6, daga nan kowane wata 3.

Kyanwar da ke cin ɓera ba ta rabuwa da tsutsa, don haka kada a yi wasa da maganin. Ƙuma ma tana kawo tsutsa, tana kuma shan jinin ƙarama har ta yi fari fat. A riƙa taje ta da mataji mai ƙananan haƙora, a wanke tsummanta da ruwan zafi a shanya a rana, a nemi maganin ƙuma wanda aka yi don kyanwa.

Ciwon haukan kare shi ne ya fi kowanne haɗari, domin yana kama mutum. Sunansa ya sa mutane suna zaton kare kaɗai ke ɗauke da shi. Gaskiya ne kusan duk masu kamuwa daga kare suke samu, amma kyanwar da mahaukacin kare ya ciza ita ma tana kamuwa, ta kuma ba mutum ta hanyar cizo ko yakushi. An kiyasta cutar tana kashe mutum kimanin 59,000 a duniya duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, yara kuma suna da yawa a cikinsu. Idan alamunta suka bayyana a jikin mutum, kusan ba a tashi. Amma allura tana tare ta kafin ta bayyana. Masanin nan na Faransa, Louis Pasteur, shi ya fara gwada allurar a kan wani yaro a 1885, yaron ya rayu. A Nijeriya, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu haɗa alluran rigakafin dabbobi. Kowace shekara ranar 28 ga Satumba ake ranar yaƙi da wannan cuta a duniya. Abin lura: ba kowace allurar kare ce ta dace da kyanwa ba, saboda haka kada a saya a yi mata a gida.

Idan kyanwa ko kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi har fata ta fashe:

1. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15.
2. Kada a ɗaure ciwon, kada a cusa masa toka ko ƙasa ko ganye.
3. A tafi asibiti a ranar, kamar babban asibitin Dutsin-Ma, a faɗi abin da ya faru.
4. In dabbar ta gida ce, a tsare ta ana ba ta ci da sha, a lura da ita kwana 10, a sanar da malamin dabbobi. Wannan lura ba ta hana zuwa asibiti.

Yadda za ka gane ba ta da lafiya

Kyanwa tana ɓoye ciwo, sai mai lura ke ganewa. A gaggauta neman likita idan ta wuni ta kwana ba ta ci ba, ko tana amai da zawo a kai a kai, ko tana numfashi da baki a buɗe, ko dasashinta ya yi fari, ko muzuru yana ta tsugunno fitsari ya ƙi fita. Ga gwaji mai sauƙi: ja fatar bayan wuyanta ka saki. In ta koma nan take, akwai ruwa a jikinta. In ta tsaya a tattare, ruwa ya ƙare, a hanzarta. Zafin jikinta na lafiya digiri 38 zuwa 39 ne, ya ɗara na mutum, don haka ɗumin jikinta kaɗai ba zazzaɓi ba ne. Idan kuwa halinta ya sauya farat ɗaya, tana dalalar da miyau, tana kai cizo ba dalili, kada kowa ya taɓa ta. A rufe ɗakin a kira malamin dabbobi.

Lafiyarta, lafiyar gida

A kwashe kashin da ke cikin yashi kullum, a binne shi nesa da rijiya da wurin wasan yara, a wanke hannu da sabulu. Mai juna biyu kada ta yi wannan aiki. A kashin kyanwa ana samun wata ƙwayar cuta da ke iya cutar da ɗan tayi, kuma ƙwayar tana ɗaukar kwana 1 zuwa 5 kafin ta zama mai kamawa, shi ya sa kwashewa kullum ke da amfani. Ba sai an kori kyanwa don an sami ciki ba, wani dai ya karɓi aikin. Idan aka ga gashinta ya zube ya bar tabo zagayayye, makero ne, kuma yana kama yara, sai a nemi magani. Kada a bar ta ta kwana wurin jinjiri. Ɓeran da ta kashe kuma kada a ɗauke shi da hannu, a sa shebur a binne shi.

Saura maganar haihuwa. Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 5 ko 6, cikinta kwana 63 zuwa 65 ne, tana kuma iya haihuwa sau 2 ko 3 a shekara. Wanda ba zai iya riƙe 'ya'yan ba ya nema musu gidaje tun kafin yaye, ko ya tambayi likitan dabbobi game da aikin hana haihuwa, irin wanda ake yi a asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da makamantansa. Ba a yi wa muzuru fiɗiya a gida kamar bunsuru. Ɗaure 'ya'ya a buhu a jefar a bayan gari kuwa, shi ne dai laifin matar nan da hadisi ya ba da labari.

Gwaggo ta bi abin da ɗan ƙaninta ya faɗa. Ta ɗauke madara ta sa ruwa, ta dafa kan kifi ba gishiri, ta sa jikanta ya ɗebo yashi daga rafi. A rana ta biyar 'yar kyanwa ta fito da kanta ta kwanta a gefen tabarmar salla. Kafin damina ta faɗi, Gwaggo ta daina ɗinkin buhu.

Sababbin kalmomi

- Rigakafi: matakin da ake ɗauka kafin cuta ta zo.
- Sinadari: wani ɓangare na abinci ko magani mai aiki a jiki.
- Jadawali: tsarin ayyuka da lokutansu.
- Mililita: ma'aunin ruwa, mililita 1,000 ne lita ɗaya.
- Dasashi: naman da haƙora suka tsiro a cikinsa.

Tambayoyi

1. Waɗanne kurakurai Gwaggo ta yi, kuma me ya kamata ta yi a madadin kowanne?
2. Me ya sa ƙosasshiyar kyanwa ta fi mayunwaciya tsaron rumbu?
3. Kawo abu huɗu na cikin gida da ke iya kashe kyanwa.
4. Yaro ya zo da cizon kyanwa a hannu. Faɗi abin da za ka yi bi da bi.
5. Wa ya kamata ya guji kwashe yashin kyanwa, kuma don me?

Lissafi

1. An haifi kyanwa ranar 1 ga Oktoba. Kwana nawa ne mako 8? A wace rana za a iya raba ta da uwarta?
2. Kyanwa tana haihuwa sau 2 a shekara, kowane karo 'ya'ya 4. 'Ya'ya nawa za ta haifa a shekara 3?
3. Kyanwa mai kilo 3, mililita nawa na ruwa take bukata a rana?

Tattaunawa a aji

Waɗanne camfe-camfe kuka taso kuka ji game da kyanwa a unguwarku? Wanne ne ya yi daidai da abin da muka karanta, wanne ne ya saɓa?

Aikin gida

Ka sami takarda mai kauri ka yi wa wata dabba ta gidanku katin lafiya, kyanwa ce ko akuya ko kare. Ka rubuta launinta, da watan da aka haife ta, da ranar da aka yi mata allura ko aka ba ta maganin tsutsa, da ranar da za a sake. In ba a taɓa yi mata ba, ka bar gurbin a buɗe, ka tambayo inda malamin dabbobi mafi kusa da ku yake zama, ka rubuta wurin a bayan katin. Ka zo da shi aji mako mai zuwa.